Badaru da Tikitin Kajiji

Duk wanda ya ɗan zauna a Boɗinga ya san Badaru na Malam Sodangi, ko da bai riƙe sunansa ba. Dogo ne mai ɗan ranƙwafawa, kullum da ƙyallen goge tabarau a aljihun gaba. Mahaifinsa manomin albasa ne mai 'ya'ya maza huɗu. Uku sun bi shi fadama, Badaru ya fita zakka. Tun yana ƙarami idonsa ba ya jure rana, in ya yi sa'a guda a bakin fangali sai hawaye su riƙa zuba kamar an yi masa duka. Yayyensa suka sa masa suna Ɗan Inuwa. Da Malam Sodangi ya ga ba za a mori yaron a gona ba, sai ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani mai buga takardu da tafireta a bakin kasuwa, ya ce a koya masa ko Allah zai sa abincinsa yana nan.

A nan ɗin yake kuwa. Da tafireta ta fara ja da baya, Badaru ya tafi Sakkwato ya yi shekara shida a wani shagon kwamfuta, yana buga wa ɗalibai takardu. In mai gyara ya zo, sai ya tsaya a bayansa yana kallon hannunsa. Da haka ya iya kwance na'ura ya mayar, ya iya gane ciwonta daga ƙarar da take yi. Ya dawo gida ya auri Zainab, suka haifi 'ya'ya uku. Mutanen unguwa suka fara kiransa Injiniya. Ba shi da takardar da ta ba shi wannan suna, amma bai taɓa gyara wa kowa ba. Mutumin da ya girma ana yi masa dariya a kan ba ya iya riƙe fartanya, in aka wayi gari yayyensa suna kawo masa wayoyinsu suna lallashinsa ya duba, da wuya ya ce a daina.

Yana da shekara arba'in da ɗaya wata ƙungiya mai aikin rigakafin cututtukan shanu ta buɗe ofis a Boɗinga, da ƙananan tashoshi a Shagari da Lambara da Kajiji. Shugaban aikin likitan dabbobi ne, Dakta Sama'ila, mutum mai sanyin magana. Duk garken da aka yi wa allura ana shigar da bayaninsa a kwamfuta, sannan a buga wa mai shanu katin shaida. Aka ɗauki Badaru ya kula da na'urorin.

Wanda ya haɗa tsarin wani injiniya ne daga Ilori, Abdulganiyyu. Kwana tara ya yi da su. Ya bayyana wa Badaru cewa takardun ba a cikin kwamfuta ɗaya suke ba, an rarraba su ne a na'urorin garuruwan huɗu, amma duk wanda ya buɗe zai gan su wuri guda kamar kabad ɗaya. Ba a kuma shiga sai da tikiti. Mutum ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, na'ura ta yanka masa tikitin yini, da shi zai riƙa buɗe takarda yana ajiyewa. In tikitin ya ɓace, ƙofa ta rufe a fuskarsa ko da yana tsakiyar rubutu. Ya ce lallai kowane ma'aikaci a yi masa rajista da sunansa, ya bar ɗan littafin bayani, ya tafi.

Badaru ya karanta babin rajistar sau huɗu bai gane ba. Lambar Abdulganiyyu tana cikin wayarsa. Ya sha ɗaukar wayar ya ajiye, don ya kasa tunanin bakin da zai ce Injiniya bai gane ba. Sai ya nemo gajeriyar hanya. Ya bar suna ɗaya tak, nasa, kalmar sirri kuma a cikin kansa. Kullum da safe in ya shiga, tikitinsa yakan sauka a wata buɗaɗɗiyar ma'ajiya da dukkan tashoshin ke gani, kowa ya yi aiki da shi. Ya ce wa kansa na ɗan lokaci ne, kafin ya samu sarari. Shekara biyu aka yi a haka lafiya lau, har ya manta cewa dabara ce.

Wata rana ya dawo daga cin abinci ya tarar da direban ofis zaune a kujerarsa yana kallon ƙwallo. Abin ya ɓata masa rai. Ya buɗe littafin nan ya samo wani layi da ake ƙarawa, wanda ke sa na'ura ta yage tikitin mutum da zarar ya rufe ya tashi, don kada wani ya zauna ya yi amfani da shi. Ya ƙara layin a kwamfutarsa, ya gwada, ya yi aiki. Ranar har da ɗan fito ya tafi gida.

A Kajiji kuwa, wadda ke riƙe da tasha Malama Kulu ce. Ta haura hamsin, mijinta ya rasu da daɗewa, ta yi fiye da shekara ashirin tana bin rugage da akwatin allura kafin gwiwa ta zaunar da ita. Fillancinta ya fi na wasu Fulanin. Ta san wane ne ɗan wane, ta san garken da ya rabu biyu bayan rasuwar mai shi. Kwamfuta da girmanta ta koya, da yatsa biyu take bugawa, amma ba ta tsallake layi. Ita ba ta tara aiki. Makiyayi yana tsaye a gabanta take shigar da bayaninsa, ta buga kati ta miƙa masa.

A makon da Badaru ya ƙara layinsa, wayarsa ta fara ƙara. Malama Kulu ce, wai tana cikin rubutu na'ura ta ce ba ta da izini, abin da ta rubuta kuma ya ƙi ajiyuwa. Lokacin yana fitowa daga masallaci. Ya koma ofis ya zauna ya buɗe, ya duba ko'ina, komai daidai. Ya ce ta sake gwadawa. Ta gwada, ya yi. Washegari haka, jibi haka, wani yinin sau uku.

Ba za a ce bai nemi ciwon ba. Ya tuna Abdulganiyyu ya ce in agogon na'urori suka saɓa da minti biyar ba a karɓar tikiti, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya daidaita. Ya hau babur ya bi turbar Kajiji sau biyu, ya sake wayoyi, ya gwada batirin sola, ya hau tsani ya juya eriya. Duk ranar da ya je, da kansa yake shiga a kwamfutar Kajiji, kuma har ya baro garin ba ta tsayawa ko sau ɗaya. Ya tambayi mutanen Shagari da Lambara, suka ce su ba su ga wani abu ba. Gaskiyarsu ce ta wani gefen. Su a takarda suke rubutawa, sai da safe, lokacin Badaru yana kan kujerarsa, su shigar gaba ɗaya, in kuma ta ƙi da rana sai su ce sabis ne, su tafi shan shayi. A hankali Badaru ya kai ga abin da ransa ke so tun farko: na'ura tana aiki a hannunsa, tana aiki a hannun kowa, sai a hannun mace ɗaya.

Abin ya kai maƙura ranar da aka yi ɗaurin auren ɗan yayansa. Ya rufe kwamfuta da hantsi, ya kashe waya, ya tafi. A ranar ce mutanen wani arɗo na wajen Horo Birni suka kora shanu kusan ɗari uku zuwa Kajiji, don washegari za su yi kudu neman ciyawa. An yi allura, kati ya gagara. Suka tsaya cikin rana har la'asar, shanu na kuka, mata na zaune a gindin gawo da ƙore. Malama Kulu ta kira lambar Badaru har batirinta ya kusa mutuwa. Daga ƙarshe suka kaɗa dabbobinsu suka tafi babu kati, arɗon kuma ya aika wa Dakta Sama'ila da ƙorafi mai zafi.

A taron ƙarshen wata, gaban mutum goma sha ɗaya, Dakta ya tambayi Badaru abin da ke faruwa. Ya miƙe ya lissafa duk abin da ya duba. Da ya tsaya nan da sauƙi. Amma ya ga idanu a kansa, bakinsa ya yi daɗi, sai ya ƙara.

"Ranka shi daɗe, na'ura ba ta ƙarya. Hannun da ka taɓa ta shi ad da magana. Abin ga kuwa ba kowane shekaru ka ɗaukar shi ba."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Malama Kulu ta ciro wani ɗan littafi daga jakarta, ta ce ta rubuta rana da lokacin duk tsayawar da aka yi, ko za a duba. Badaru ya ce lokaci ba shi ne ciwon ba, bai ko miƙa hannu ba. Ta mayar da littafin. Dakta ya rubuta mata takardar gargaɗi, ya kuma ce ta riƙa zuwa Boɗinga na mako guda Badaru ya sake koya mata aiki.

Ta zo. Kullum da safe ɗan acaba yake sauke ta, ta kakkaɓe mayafinta, ta gaishe shi da Malam Badaru, ta zauna a ƙaramin tebur kusa da nasa. Ya riƙa ba ta aikin 'yan koyo: buɗe wannan, rufe wancan, rubuta sunanki sau goma. Ta yi duka. A rana ta uku, da ya rufe kwamfutarsa zai tafi sallar azahar, ta ɗago kai ta ce in ya dawo tana da magana.

Ta jira har ɗakin ya zama daga ita sai shi. Ta buɗe littafin nan a kan teburinsa. Lokutan suna jere da jan biro: ɗaya da rabi, huɗu saura, ɗaya da rabi, huɗu da minti biyar, ranar Juma'a kuma tun sha biyu da rabi.

"Malam Badaru, ni ban san cikin na'ura ba," ta ce. "Amma kwana ukun ga ina kallo. Duk sa'ad da kat tashi kar ruhe taka, tawa ita ma sai ta ruhe. In ka dawo ka buɗe, sai ta buɗe. Ko akwai abin da ya haɗa su?"

Ya fara cewa ba zai yiwu ba, amma bai kai ƙarshen maganar ba. Ya dubi lokutan. Azahar ce da la'asar, da lokacin da yake tafiya masallacin Juma'a. Yininsa ne gaba ɗaya a rubuce da hannun wata. Ya ce ta buɗe takarda. Ya rufe tasa. Allon gabanta ya ce ba ta da izini. Ya shiga, ta gwada, ya buɗe. Ya sake rufewa, ya sake ƙi. Sau uku ya yi, ba don yana shakka ba, sai don bai san abin da zai yi da fuskarsa ba in ya daina.

Tikiti ɗaya ne ya ba kowa, kuma da hannunsa ya umarci na'ura ta yage shi duk lokacin da ya tashi. In an kira shi ya zauna ya duba, shigarsa ce ke yanko sabo, sai ya tarar da komai lafiya. Kwamfutar Kajiji ba ta da wancan layin, shi ya sa in ya shiga daga can ake yini kalau. Zufa ta keto masa har tabarau ya yi hazo. Ya cire yana gogewa, ya daɗe yana gogewa. Malama Kulu ta ɗauki littafinta, ta ce bari ta je ta yi salla, ta ja masa ƙofa.

Da yammacin ranar ya kira Abdulganiyyu. Ko a nan bai iya faɗin gaskiya kai tsaye ba, cewa ya yi wani abokinsa ne ya shiga matsala. Mutumin ya yi masa bayanin rajistar cikin minti goma sha biyar, abin da ya tsaya masa shekara biyu. Kafin ƙarshen mako kowane ma'aikaci ya samu sunansa da kalmar sirrinsa da tikitinsa. Ya ce musu sabon tsari ne. Malama Kulu ta cika kwanakinta bakwai ta koma Kajiji, kuma daga ranar na'ura ba ta sake tsayawa ba.

Sai abin da bai yi tsammani ba ya faru. Dakta Sama'ila ya tare shi a baranda ya dafa kafaɗarsa, ya ce lallai ya iya koyarwa, mako ɗaya ya gyara matar da aka fara tunanin sauya mata aiki. Badaru ya buɗe baki, ya ji kansa yana cewa ai yin Allah ne. Maganar ta fita, ba ta komuwa.

Mako biyar ya yi yana ɗauke da abin. In wayarsa ta nuna sunan Malama Kulu sai ya zaci maganar za ta tayar, alhali tawadar firinta take tambaya, ko takardar kati. Ba ta taɓa ko shaguɓe ba. Da ta kai ƙararsa, da ya samu abin da zai yi fushi da shi. A gida ya rage cin abinci, ya daina zama majalisar ƙofar gidan mahaifinsa, don can ne aka fi kiransa Injiniya. Zainab ta zuba masa ido kwana da kwanaki, rannan da safe tana ɗaura wa ƙaramarsu ɗankwali ta tambaye shi ko wani abu ya yi. Ya gaya mata duka, yana kallon tabarma. Ta tambayi abin da matar ta ce. Ya ce ba ta ce komai ba. Zainab ta ce matar nan sa'ar innarta ce, kuma takardar gargaɗin tana nan a fayil ɗinta ko ya ci abinci ko bai ci ba.

Duk da haka sai da ya ƙara mako. Abin da ya ƙarasa shi a Kajiji ya same shi, ranar da ya kai takardun kati. Yana tsugune yana haɗa firinta, wani dattijon makiyayi ya leƙo ta taga yana zolayar Malama Kulu, wai sun ji an mayar da ita makaranta da furfurarta, ko yanzu ta iya karatun. Waɗanda ke layi suka kwashe da dariya. Ita ma ta yi dariya, ta ce ai neman ilimi ba ya tsufa, ta karɓi sunan na gaba. Badaru ya kasa ɗagowa daga ƙarƙashin teburin. Ya yi ta murɗa wayar da ta riga ta shiga.

A taron watan ya nemi izinin magana. Ya shirya jawabi a hanya, amma da ya miƙe duk ya watse. Ya ce tsayawar da aka yi ta yi ba daga Kajiji take ba, daga kujerarsa take. Ya faɗi yadda ya kasa gane rajista ya ɓoye, da tikiti ɗaya da ya ba kowa, da layin da ya ƙara. Ya ce Malama ce ta gano, da littafin da ya ƙi dubawa. Ya maimaita wasu abubuwan sau biyu. Sannan ya juya wajenta, bai iya kallon idonta ba.

"Malama, ni ad da laihi, kuma na yi miki ƙazahi gaban mutane. Ki yahe mani."

"Allah shi yahe muna baki ɗai," ta ce. Sannan ta ƙara da cewa, "Zancen shekaru ɗai yay yi mani ciwo, Malam Badaru. Sauran duk aiki na."

Babu wanda ya yi dariya wannan karon. Dakta Sama'ila ya sa aka kawo fayil ɗin Malama Kulu, ya zare takardar gargaɗin a gaban kowa, ya ce shi ma da nasa rabon, tunda ya yanke hukunci da jin baki ɗaya. Badaru ya samu tasa takardar a washegari. Ba a kore shi ba. An dai ce kalmar sirrin babbar na'ura daga yau mutum biyu za su riƙe.

Saura mutanen arɗo. Da ruwa ya sauka suka dawo daga kudu, Badaru ya roƙi Malama Kulu ta raka shi Horo Birni, ta ce gwiwarta ba za ta ɗauki wannan hanya ba, ya je shi kaɗai. Ya tarar da arɗon zaune a kan buzu. Bayan doguwar gaisuwa ya miƙa katunan da aka buga musu a makare, ya shiga bayanin tikiti da ma'ajiya da na'urori huɗu. Dattijon ya saurare shi da haƙuri har ya gaji, sannan ya ɗaga hannu. Ya ce a hanya an tsare su kwana biyu a kan rashin katin nan, sun yi ta zagin matar da ta yi wa ubanninsu aiki. Abu ɗaya yake son ji, ita ce ko ba ita ba ce.

"Ba ita ba ce, Arɗo. Ni na."

Arɗon ya ce to wannan ita ce maganar, ya kira mutanensa ya sa Badaru ya maimaita da ƙarfi yadda na baya za su ji. Ya maimaita. Aka kawo masa nono a ƙwarya, ya sha kaɗan don kada a ce ya raina.

Yana nan a wurin aikin har yau. Malama Kulu ta yi shekara biyu bayan wannan ta ajiye aiki, ta koma wajen ɗiyarta a Shagari. Takan aiko wa Zainab da man shanu in an samu mai zuwa. Badaru ya sha wucewa ta unguwarsu in aiki ya kai shi garin, yakan tsaya su gaisa daga zaure, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Tana yi masa tayin shiga ya ci abinci, yana cewa sauri yake yi. Bai taɓa shiga ba.